Rabuwar Kan Cocin Angalika da Ƙofar da Roma Ta Buɗe a 2009

Anglicanorum Coetibus doka ce da Fafaroma Benedict na 16 ya sa wa hannu ranar 4 ga Nuwamba, 2009, wadda ta ba mabiya cocin Angalika damar shiga Katolika a ƙungiyance, su da limamansu, ba tare da sun yar da salon addu'o'i da waƙoƙin da suka gada ba. Dokar ta fito ne a lokacin da rigimar naɗa 'yan luwaɗi a muƙaman coci ta raba kan Angalika a duniya, shi ya sa ake yawan ambatonsu tare.

Asalin rigimar

Angalika ba ta da fafaroma. Tarayya ce ta larduna sama da 40, kowanne na cin gashin kansa, kuma Akbishop na Canterbury, babban limamin Cocin Ingila, girma kawai ake ba shi, ba shi da ikon tsige bishop a wani lardi. A taron Lambeth na 1998, wato babban taron bishop-bishop na Angalika na duniya, bishop 526 suka amince da ƙuduri mai lamba 1.10, 70 suka ƙi. Ƙudurin ya ce luwaɗi ya saɓa wa Littafi Mai Tsarki, ya kuma nemi a saurari masu wannan hali a kula da su. Sai dai ƙudurin Lambeth shawara ce, ba ta ɗaure kowa ba.

A 2002 dayosis (yankin da bishop ɗaya ke kula da shi) na New Westminster a Kanada ya yarda a riƙa sa wa zaman jinsi ɗaya albarka. Ranar 2 ga Nuwamba, 2003, cocin Episcopal na Amurka ya keɓe, wato ya naɗa, Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zamansa namiji a fili, ya zama bishop na New Hampshire. Rahoton Windsor na 2004, na kwamitin da Akbishop na Canterbury ya kafa kan rigimar, ya roƙi a dakatar da irin wannan naɗi, a kuma daina kutsawa cikin lardin wani, amma roƙon bai yi tasiri ba.

Cocin Angalika na Najeriya, ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola, shi ya ja ragamar masu adawa. A 2005 ya cire batun zumunci da kujerar Canterbury daga tsarin mulkinsa, a 2006 kuma aka keɓe Martyn Minns a Abuja domin ya kula da majami'un Amurka da suka ɓalle. A 2008 masu adawar suka yi nasu taron mai suna GAFCON a birnin Kudus, bishop sama da 200 kuma suka ƙaurace wa Lambeth na wannan shekarar.

Yadda ake shiga

Dokar ta ƙirƙiro wani tsari da ake kira odinariyat. Kamar dayosis yake, amma rajistar mutum ce ke sa shi ciki, ko a wace unguwa yake zaune. Uku aka kafa: na Ingila da Wales ranar 15 ga Janairu, 2011, na Amurka da Kanada mai hedikwata a Houston ranar 1 ga Janairu, 2012, sai na Ostareliya a Yunin 2012.

Ga talakan majami'a abin da sauƙi. Ba a sake masa baftisma, domin Roma ta yarda da ta Angalika. Zai yi karatun Katekizim, littafin koyarwar Katolika, ya furta bangaskiya, a yi masa tabbatarwa, sannan ya rubuta cewa yana son a sa sunansa a rajista.

Ga limami kuwa, nan ne ɗacin yake. Tun 1896 Fafaroma Leo na 13 ya yanke cewa keɓewar Angalika ba ta inganta ba, don haka ko mutum ya shekara talatin yana jagorantar sujada, sai ya ajiye aiki, a aika takardunsa Batikan, ya yi horo, a keɓe shi dikon, wato mataimakin fada, sannan fada. Mai aure na iya zama fada, amma sai Fafaroma ya ba da izini a kan kowane mutum shi kaɗai. Marar aure zai zauna haka har mutuwa. Tsohon bishop mai mata ba zai zama bishop ba: Keith Newton, shugaban farko na odinariyat ɗin Ingila, a matsayin fada ya riƙe ta. Wanda ya taɓa zama fadan Katolika ya koma Angalika, ba a karɓarsa a matsayin limami a wannan tsari.

Inda ake samun cikas

Babbar matsalar ita ce gini da abinci. A Ingila majami'a mallakar Cocin Ingila ce, don haka jama'ar da ta tashi takan bar ginin da aka ɗaura wa iyayenta aure a ciki, ta koma aron majami'ar Katolika a lokacin da masu ita suka gama tasu sujadar. Limamin kuma ya rasa albashi da gidan da yake ciki da iyalinsa, ga shi abin da Katolika ke ba fada an tsara shi ne don marar iyali. Da yawa sukan haɗa da aikin limanci a asibiti ko kurkuku ko makaranta.

Waɗanda suka shiga a Ingila a Istan 2011 kusan mutum 900 ne da limamai kimanin 60, adadin da bai kai hasashen jaridu ba. Dalilin a fili yake. Mafi zafin adawa da naɗa 'yan luwaɗi su ne 'yan Angalikan Najeriya da Yuganda da Ruwanda da Kenya, kuma galibinsu masu ra'ayin bishara ne da ba su yarda da ikon Fafaroma ko roƙo ta hannun Maryamu ba. Waɗanda suka tafi Roma kuwa daman ibadarsu ta yi kama da ta Katolika, kuma a Ingila batun naɗa mata bishop, wanda aka amince da shi a 2014, ya fi damunsu.

Ƙofar dai ba a rufe ta ba. A 2015 aka fitar wa odinariyat littafin sujada nata mai ɗauke da tsohon Ingilishin addu'o'in Angalika. Michael Nazir-Ali, tsohon bishop na Rochester, ya shiga a 2021, a 2024 kuma aka keɓe David Waller, wanda ba shi da aure, ya zama bishop na farko na odinariyat ɗin Ingila.