Waiwaye: Yadda Raƙuman Dawan Nijar Suka Farfaɗo, Dajinsu Kuwa Yana Ƙarewa

A farkon ƙarni na 20 raƙumin dawa na yammacin Afirka yana yawo tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Yau babu shi a Senegal, babu shi a Mali, babu shi a arewacin Najeriya. Babban garken da ya rage a doron ƙasa yana Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai. Ba cikin gandun daji mai shinge yake zaune ba, a tsakiyar gonakin Zabarmawa da burtalin Fulani yake kiwo.

Bindiga ce ta fara cin su, tun zamanin Turawa, saboda nama da fata. Fari na shekarun 1970 da na 1984 ya ƙarasa abin da farauta ta bari: itatuwa suka bushe, mutane suka shiga yunwa, dabbar da ke ɗauke da nama mai nauyin ɗaruruwan kilo kuwa ba ta tsira a irin wannan hali. Waɗanda suka kuɓuta daga wajen iyakar Mali suka gangaro kudu suka yada zango a Kure. A 1996, bayan juyin mulkin Janar Ibrahim Bare Mainasara, aka tura sojoji su kamo wasu don a yi wa shugabannin maƙwabta kyauta, wasu raƙuman suka mutu a wajen kamun. Ƙidayar wannan shekarar ta sami raƙuma 49 kacal.

Daga nan aka farga. Dokar farauta ta 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da ba a taɓawa sam, jami'an gandun daji suka tsananta sintiri. Ƙungiyoyin kare shi suka bi ta hanyar mutanen ƙauye: rijiyoyi, ƙananan rance ga mata, da horar da matasa su zama 'yan rakiyar baƙi masu zuwa kallo. Akwai kuma wata sa'a da ba kowa ke ambata ba. Yankin babu zaki, saboda haka yawancin 'ya'yan da aka haifa suna girma. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata 15, ta haifi ɗa ɗaya, ta sake haihuwa bayan kamar shekara biyu. Da wannan lissafi garken ya kai kusan 600 zuwa 2018, shekarar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sassauta matsayinsa daga mai fuskantar ƙarewa zuwa mai rauni.

Ƙidayar ma ba ta kintace ba ce. Zanen jikin kowane raƙumi nasa ne shi kaɗai, don haka da damina, lokacin da suka taru a tudu, masu ƙidaya kan ɗauki hoton kowanne ta ɓangaren dama da na hagu, su gwada da kundin bara. Idan aka ɗauki ɓangare ɗaya kawai, sai a ƙidaya dabba guda sau biyu, domin zanen dama bai yi daidai da na hagu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abinci. Rayuwar raƙumin Kure ta rataya ne a wuri biyu. Da damina yana kan tudun Kure, inda daji ke fitowa layi-layi: layin geza da sabara da danginsu, sai fako, sai wani layin. Wannan fakon ba asara ba ne. Ruwan da ya sauka a kansa ba ya nitsewa, yana gangarawa ya shiga layin itatuwan da ke ƙasa da shi, shi ya sa suke rayuwa a wurin da ruwan sama kaɗai ba zai ishe su ba. Duk wanda ya sare layi guda ya kwance tsarin: ruwa ya wuce da gudu, ya kwashe ƙasa, ya haƙa kwazazzabo, abin da ya rage sai tsakuwa. Kuma ana sarewa kullum, domin Yamai da itace take girki, tudun Kure kuwa yana bakin kwaltar da ta haɗa Yamai da Doso. Kwaltar nan ita ma tana kashe raƙuma idan motoci suka yi karo da su.

Da rani sai su sauka Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwansa ke kusa da sama, inda gawo yake. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka bushe, saboda haka shi ne rumbun raƙumi a watannin wahala. Sai dai makiyayi ma shi yake sassare wa rassa don awaki da shanu, kuma garma da bakin akuya ba sa barin ƙananan gawo su tashi. Manyan suna tsufa, babu na bayansu. A ƙasar da yawan jama'arta ya tashi daga kusan miliyan 3 a 1960 zuwa sama da miliyan 17 a ƙidayar 2012, babu manomin da ke da halin barin saura ta huta.

Raƙumin da ya rasa ganye gona yake faɗa wa. Gero bai dame shi sosai ba, wake yake so, da harawar da aka ɗora a kan rumfa, da mangwaro a lambu. Tsayinsa ya fi ƙarfin darni. Manomin da aka cinye wa wake a dare ɗaya, doka ta hana shi ramawa, kuma ba lalle ne ribar baƙi ta iso gidansa ba. A ganina nan ne raunin tsarin yake, domin haƙurin wannan manomi shi ne shingen da raƙuman ke da shi.

Haɗarin tara garke duka a wuri ɗaya, inda annoba guda za ta iya share shi, ya sa a Nuwamban 2018 aka kwashe raƙuma 8 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 800, inda suka ɓace tun shekarun 1970. Aikin yana da wuya. Ana harbin dabbar da allurar barci mai ƙarfi, a kayar da ita da igiyoyi, a yi mata allurar warware maganin cikin 'yan mintuna, in an yi jinkiri numfashinta ya tsaya. A rufe mata ido, a toshe kunne. Matasa ake zaɓa, domin babba ba zai wuce ƙarƙashin wayoyin lantarki a mota ba. Sai a tsare su makonni a cikin shingen katako su saba kafin a ɗau hanya, saboda firgici da zafin jiki kaɗai suna iya lalata naman jikinsu su mutu. A 2022 aka ƙara kai mata 4.

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye biyu, ranar 9 ga Agustan 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a yankin Kure, Faransawa ma'aikatan agaji 6 da 'yan Nijar 2, ciki har da ɗan rakiyarsu. Zuwan baƙi ya tsaya, kuɗin da ke shiga hannun 'yan rakiya da ƙauyuka ya yanke.

Abin da ya rage a hannu aiki ne na ƙasa da itace. Ana haƙa ramukan rabin wata a kan fako, bakinsu yana fuskantar tudu don su tare ruwan da ke gangarowa, a shuka itace a ciki, amma in ba a tsare wurin daga dabbobi shekara biyu zuwa uku ba, wahalar ta tashi a banza. Mafi arha shi ne sassaben zamani da manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da gonakinsu da shi: a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a bar su su girma. Manomi yana yin haka ne idan ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, kuma wannan tabbacin ne Dallol Boso ke bukata kafin tsofaffin gawon su faɗi.