Wace jijiya ake nufi? Abin da tarwaɗa da minjirya suke nuna mana

Watannin nan kalmar jijiya ta cika Kumasi. Da asuba tana rediyo, da rana tana lasifikar masu tallan magani a bakin kasuwar Kejetia, da dare kuma tana cikin saƙonnin muryar da ake turo wa iyayenmu ta WhatsApp. Wannan magani yana wanke jijiya, wancan yana buɗe ta, wani ma har tayar da wadda ta mutu yake yi. Sabon yayin kuwa shi ne kifi. Na ji wani mai talla, yana haɗa Hausa da Asantanci, yana cewa masu bincike sun gano in aka yanke jijiyar kifi tana sake tohowa, saboda haka man kifin da ke cikin kwalbarsa zai tsirar da jijiyar mai shanyewar ɓarin jiki. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin ne yake sa mutane su buɗe lalita.

Gwaggona da ke unguwar Aboabo tana cikin waɗanda suka buɗe. Shekara guda ke nan hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Na je gaishe ta na tarar da kwalba uku a kan taga, biyu babu komai a ciki. Na ce, "Gwaggo, wace jijiya ya ce zai gyara miki?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, jijiya ai jijiya ce."

A nan gizo yake saƙar. Mahauci in ya ce naman nan jijiya ce, yana nufin farar igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Ma'aikaciyar jinya in tana neman jijiya a hannunka, hanyar jini take nema. Itace ma yana da jijiya a ƙasa, mai gardama kuma yana tayar da ta wuya. Sai ta ƙarshe, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, ita ma jijiya muke ce mata. Ba Hausa kaɗai ta haɗa su a tukunya ɗaya ba. Kalmar asab ta Larabci tana ɗaukar agara da jijiyar saƙo duka, haka ma kalmar Girkanci da likitoci suka ara asalinta igiyar nama take nufi. Wani likita a Iskandariyya, Herofilus, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake ba labarin ya fara raba su. A hira babu laifi a haɗa. A tallan magani laifi ne babba, domin mai sauraro yana jin "jijiya" sai ya zana bututu a ransa, bututu kuwa ana wanke shi, ana zuƙe dattinsa.

Jijiyar saƙo ba ta da rami balle a wanke. Farin zaren da ake gani da ido dami ne na wutsiyoyi masu yawa, kowace wutsiya kuma ta wata ƙwayar halitta ce mai rai. Ƙwayar tana da jiki inda cibiyarta take, tana da rassa gajeru masu karɓar saƙo, tana da wutsiya guda ɗaya doguwa mai aika shi. Saƙon kuwa ɗan lantarki ne, yana samuwa ne ta shigar sinadarin sodiyam da fitar na fotasiyam ta ƙofofin fatar ƙwayar. Wutsiya in ta rabu da jikinta, ɓangaren da ya yanke ruɓewa yake yi, kamar reshen da aka sare.

Wanda yake so ya ga aikin ƙwaya ɗaya tak da idonsa, ya je wurin masu sayar da tarwaɗa mai rai. Na tsaya gaban bahon wata Hajiya a kasuwa, kifayen sun lafe a ƙasa, gashin bakinsu kawai ke motsi. Na ƙwanƙwasa gefen bahon da zobe. Kafin in janye hannu ruwa ya fantsamo min a riga. Hajiya ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba, kada ka firgita min su." Na sayi biyu.

Wannan zaburar tana da mai ita. A ƙeyar ƙwaƙwalwar yawancin kifaye akwai manyan ƙwayoyi guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana kiransu da sunan Ludwig Mauthner, ɗan Ostiriya, wanda ya bayyana kaurarar wutsiyarsu a cikin lakar kifi a 1859. Rassan kowacce suna karɓar labari kai tsaye daga kunnen kifin. In ƙarar ta zo ta dama, ƙwayar dama ce ke tashi. Wutsiyarta tana tsallakawa zuwa hagu, ta gangara cikin laka har jela, ta sa tsokokin hagu su tsuke gaba ɗaya. Sai kifin ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, kansa ya juya daga inda haɗarin yake, ya harba. Motsin yana farawa ne cikin kusan kashi 1 bisa 100 na sakan. Abin da ya fi burge ni shi ne, a daidai lokacin da ta tashi tana danne 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, domin da su biyun za su tashi tare, da kifin ya sandare a miƙe, tsuntsu ya ɗauke shi. Saurin kuma daga abu biyu yake: kaurin wutsiyar, da rigar kitse mai suna mayelin da wasu ƙwayoyi mataimaka suke naɗe ta da ita, yadda ake naɗe wayar wuta da roba.

Minjirya kuwa ta wuce nan. Kawuna ya yi shekaru yana sayo busasshen kifi daga Yeji, bakin tafkin Volta, kuma shi ya fara ba ni labarinta: masunci ya sa hannu cikin koma, ya ji kamar an maka masa taɓarya har kafaɗa. Babbar minjirya tana iya sakin lantarki da ya kai wajen bolt 350, alhali wutar gidajenmu 230 ce, sai dai nata na ɗan ƙiftawa ne. Larabawa sun sa mata suna daga kalmar tsawa. Ma'ajiyar wutar tana ƙarƙashin fatarta, ta lulluɓe jikin kamar riga, cike da miliyoyin ƙananan ƙwayoyi masu fitar da lantarki. Dole su saki tare, in ba haka ba ƙarfin ya watse. To wa ke ba su umarni? Ƙwayar jijiya ɗaya a dama, ɗaya a hagu, a farkon laka. Wutsiyar kowacce tana fita ta yi ta rabuwa, reshe ya haifi reshe, har ta taɓa kowace ƙwaya ta ɓangarenta. Likitan nan Bajamushe, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsar tsargiya a Alkahira a 1851, shi ya rubuta littafi a kan ma'ajiyar wutar minjiryar kogin Nilu a 1857. Ina yawan tunanin wannan ƙwaya guda. Ta yi ta ciyar da wutsiya mai rassa miliyoyi, tana tura mata abinci da kayan gyara daga cibiyarta, tsawon ran kifin. In ta mutu, rabin wutar minjirya ya mutu, ko da sauran naman lafiyarsa ƙalau. Wanda ya fahimci wannan ba zai sake yarda a ce masa za a wanke jijiya da ruwan kwalba ba.

Sai rabin gaskiyar mai talla. Akwai wani ɗan kifi na ƙoramun Indiya da maƙwabtanta, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zane irin na jakin dawa, ana ce masa kifin zebra. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya shigo da shi fagen bincike, aikinsa na 1981 ya buɗe ƙofar. 'Ya'yan kifin jikinsu garau yake kamar gilashi, ana kallon ƙwayoyin jijiyarsu, kimanin 100,000 a ƙwaƙwalwa, suna aiki kifin yana raye. In aka yanke lakar babbansa gida biyu, jelarsa tana shanyewa, amma cikin mako 6 zuwa 8 yana komawa iyo. Ƙwayoyin nan mataimaka, waɗanda ake kira giliya, su ne ke miƙewa daga gefe biyu na raunin su haɗa gada, wutsiyoyin da suka yanke su bi ta kai su tsallaka, wasu ƙwayoyin kuma su haifi sababbin ƙwayoyin jijiya. Masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun wallafa a 2016 bayanin wani furotin da ginin gadar ya dogara a kansa. A jikin mutum, wurin da laka ta yanke tabo yake yi, tabon kuma da wasu sinadarai na kewayensa suna tare hanya. Ko a kifin ma ba kowace ƙwaya ke iyawa ba. Ita kanta ta Mauthner tana cikin masu wuyar tohowa.

To ina wannan baiwa take zaune? Tana cikin umarnin gado na ƙwayoyin kifin masu rai, a cikin lakarsa, a lokacin da ya ji rauni. Ba ta cikin mansa. Ba a tatsar ta, ba a soya ta, ba ta tsira daga ciki da hanji. Cin ƙadangare bai taɓa sa yatsan da ya guntule ya toho ba, duk da jelarsa tana tohowa. Kifi abinci ne mai kyau, kitsensa ma yana cikin kayan da jiki ke gina fatar ƙwayoyin jijiya da su, kuma karfasar tafkin Bosomtwe da aka gasa ta fi waccan kwalba araha.

Shanyewar ɓarin jiki ita ce inda kalmar ta fi cutar da mu, domin jijiya biyu ne a cikin ciwon guda. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi sanadin hawan jini, sannan ƙwayoyin jijiyar saƙo da take shayarwa su mutu don rashin iska. Ta farko ana iya kare ta da maganin hawan jini da rage gishiri, kuma in abin ya faru, a garzaya asibiti a sa'o'in farko. Ta biyu, waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Sauƙin da ake samu daga waɗanda suka tsira ne, suna ƙulla sababbin mahaɗa in ana ta maimaita motsi. Jijiyar saƙo ta hannu ko ƙafa da wuƙa ta yanke ita tana tohowa, kusan milimita 1 a rana, in an ɗinke ta. Uku ke nan, kowacce da hukuncinta, amma a rediyo sunansu ɗaya.

Ni dai a ganina, duk mai riƙe da makirfo a Zango ya daina sakin kalmar ita kaɗai. Ya ce jijiyar jini, ko jijiyar saƙo, ko jijiyar nama. Mai gabatar da shiri kuma in baƙonsa ya ce "jijiya", ya tsayar da shi ya tambaye shi wacce, a gaban masu sauraro.

Tarwaɗar nan biyu gidan Gwaggo na kai su. Da aka datse ɗaya, na zaro farin zaren da ke cikin ƙashin bayanta da tsinke, na ɗora mata a tafin hannunta na dama, na nuna mata kuma jan layin jini da ke ƙarƙashin ƙashin. Ta jima tana juya zaren da babban yatsa. Sannan ta ce, "To tawa wacce ce a ciki?" Na ce duka biyun, Gwaggo, ɗaya ta ja wa ɗaya. Ta sa jikarta ta ɗauko katin gashin ƙashi da ta ajiye a ƙarƙashin katifa tun watan azumi, muka duba ranar da za a koma.