Wayar Ma'aikaci, Aikin Maigida: Yadda Ofis Ya Tare a Aljihunmu

Ƙanwata tana aikin jinya a wani asibiti mai zaman kansa a nan Garwa, arewacin Kamaru. Wata ranar Juma'a bayan sallar isha muna tsakar gida ana cin tuwo, sai wayarta ta yi ƙara. Ta wanke hannu da sauri ta ce, "Yaya, yi haƙuri, likita ne." Sakamakon gwajin jinin wata mai juna biyu yake nema, wanda ta ɗauka a hoto tun da rana. Tana lalube ina kallon fuskar wayar: ga hoton ɗanta ranar suna, ga atamfar da za a yi anko da ita, ga takardar gwaji ɗauke da cikakken sunan matar wani da ciwon da ke damunta, duk a jere. Da ta gama na tambaye ta wa ke sa mata kiredi da data na wannan aiki. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ni mana, Yaya. Wa zai sa mini?"

Tun daga daren nan abin yake cina, domin ba ita kaɗai ba ce. Malamin makaranta, yaron shago, direban babbar mota, ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke zagaya ƙauyukan Marwa, kowa da wayarsa yake yi wa wani aiki. Babu wanda ya taɓa zama da su aka yi shawara. Abin ya shigo ne a hankali har ya zama jiki.

Waɗanda suka yi aikin ofis kafin shekarar 2000 sun san yadda lamarin yake. Wayar tarho guda ɗaya ce a kan teburin shugaba ko na sakatare, sau da yawa da ɗan kwaɗo a jikinta don kada wani ya kira ƙauyensu da kuɗin ma'aikata. Saƙon da ya fi ƙarfin wayar nan sai a rubuta a ba ɗan aike, ko a ba direban bas, ko a sa shi a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Idan an tashi aiki, an tashi. Mai neman ka sai ya yi tattaki zuwa ƙofar gidanka ya yi sallama, kuma ba kowace magana ce ke sa mutum ya yi wannan tattaki ba.

An kafa Camtel, kamfanin tarho na gwamnatin Kamaru, a 1998. A 2000 kamfanin MTN na Afirka ta Kudu ya sayi reshen wayar salula na Camtel, kuma a daidai lokacin Mobilis, wanda ya koma Orange a 2002, ya fara aiki. A ƙetaren kogin Logon ma Celtel ya shiga Chadi a 2000, shi ne ya zama Zain, daga baya Airtel. A shekarun farko waya sai mai hali. Sauran jama'a kuwa sai su je wurin masu laima a bakin titi su biya kuɗin minti. Ma'aikacin da ya samu ya sayi ƙaramar Nokia, shi da kansa yake kai wa maigida lambarsa yana alfahari. A lokacin ma maigida ne ke kira. Yaro bip kawai zai yi, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa filashin, mai kuɗi ya biyo baya da kira. Nauyin yana kan wanda ya fi ƙarfi, kuma kowa ya yarda haka ya dace.

A ƙasashen Turai da Amurka labarin ta wata hanya ya bi. Can kamfani ne ke saya wa ma'aikaci waya, galibi BlackBerry, ƙirar wani kamfanin Kanada, wadda sashen kwamfuta na ma'aikata ke iko da duk abin da ke cikinta. Da iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, sai ma'aikata suka ga wayar da ke aljihunsu ta fi ta ofis daɗin aiki. Su ne suka riƙa roƙo a bar su su karanta saƙonnin ofis a wayoyinsu. Kamfanin Intel yana cikin waɗanda suka fara lura da haka a 2009, ya kuma tsara yadda za a yi, kuma daga nan sunan BYOD ya bazu, ma'anarsa "zo da na'urarka". Kamfanoni suka ga ribar abin: ba sayen waya, ba gyara, ga ma'aikaci a hannu dare da rana. Masu ƙera waya su ma suka samar da hanyar raba ta gida biyu. Samsung ta fito da Knox a 2013, Google kuma ya sanya wani ɓangaren aiki na daban a cikin Android, ta yadda kamfani zai iya goge nasa bayanan daga nesa ba tare da ya taɓa hotunan iyalin mutum ba.

Mu a nan ba mu bi ta wannan mataki ba. In ka cire bankuna da manyan kamfanoni da wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, yawancin ma'aikatanmu ba a taɓa ba su wayar ofis ba balle su ce sun fi son tasu. Daga tarho mai kwaɗo muka yi tsalle zuwa babbar waya. Kamfanin Nexttel ya kawo 3G, wato intanet mai sauri a waya, a 2014, shekarar da aka ƙara lamba 6 a gaban lambobinmu, MTN da Orange suka samu nasu lasisin a 2015, wayoyin Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa. WhatsApp kuma, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, ya dace da mu kamar don mu aka yi shi, saboda saƙon murya. Ɗan kasuwar da bai yi boko ba zai danna ya yi magana da Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa, saƙo ya isa Kusiri ko Duwala nan take. Kafin a ankara kowace ma'aikata ta buɗe zaurenta na WhatsApp. Sanarwar taro, jadawalin aikin dare, lissafin cinikin yini, har takardar gargaɗi, duk can ake sa su. Da cutar korona ta iso Kamaru a Maris 2020 aka rufe makarantu, malamai da yawa da datarsu suka riƙa tura wa ɗalibai darasi. Yanzu saurayi zai je neman aikin tallan kaya, kafin a tambaye shi takardunsa za a ce, "Kana da Android?"

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, ɗan ƙwadago da fartanyarsa yake zuwa gona, tela da almakashinsa. Gaskiya ne. Amma ɗan ƙwadago ya san kuɗin yininsa kafin ya sunkuya, kuma in rana ta faɗi ya saɓa fartanyarsa ya tafi gida, mai gona ba shi da sauran iko da shi sai gobe. Waya kuwa tana cin kuɗi kullum, tana kwana kusa da matashin kanka, kuma sirrin gidanka da na aikinka a cikinta suke cuɗe.

Maganar kuɗin ma ba ƙarama ba ce ga mai ƙaramin albashi. Akwai data, akwai kiredi, akwai gyaran gilashin da ya fashe a kan babur ana kai saƙon maigida. Akwai caji: arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo wajen samun wutar lantarki, kuma shekarun da ruwa ya ja baya mun ga yadda wuta ke ɗaukewa na sa'o'i masu yawa, ma'aikaci ya biya mai janareta ya yi masa caji don kada a kira a ji wayarsa a kashe. Tun Janairu 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cire kuɗi ta waya, ban da kuɗin da kamfanin wayar ke yanka, kuma idan kuɗin ciniki ta asusun yaron shago suke bi, sau tari a jikinsa ragin ke ƙarewa. A Oktoba 2020 gwamnati ta so ta riƙa karɓar kuɗin kwastan na waya, kashi 33 cikin ɗari, kai tsaye daga kiredin mai amfani da ita, jama'a suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta dakatar da shirin. Da ya tabbata, da ma'aikaci ne zai biya haraji a kan kayan aikin wani. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2014 cewa duk ma'aikacin da aka wajabta masa amfani da wayarsa don aiki, dole kamfani ya biya shi wani kaso mai ma'ana na kuɗin wayar, ko da kuwa tsarin da yake kai ba ya ƙaruwa da yawan kira. Adalcin wannan hukunci ba sai an yi karatun lauya ake gane shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mallakar lamba, domin na ga yadda ta raba mutane. Wani ɗan ƙanin mahaifina ya yi shekara shida yana yi wa wani attajiri tallan kayan masarufi. Duk masu sari daga Gidar zuwa Figil lambarsa suka sani, su turo oda ta saƙon murya, su biya ta wayarsa. Da ya tara ɗan jari ya je ya ce, "Alhaji, ina neman izini da albarka, zan buɗe nawa." Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana. Amma layin nan ka bar mini shi, abokan cinikina ne a ciki." Yaron ya ce, "Alhaji, da katin shaidata aka yi masa rajista, ta nan mahaifiyata take samuna." Kuma kowannensu da gaskiyarsa. Alhaji ne ya zuba dukiya har aka samu abokan cinikin, yaron kuma shi ya sayi layin, kuma tun da aka tsananta rajistar layi da katin shaida a 2015, duk abin da aka aikata da lambar nan shi hukuma za ta nema. Sai da dattawa suka shiga tsakani aka yi sulhu, amma har yau gaisuwarsu ba kamar da ba. Da tun ranar farko an sayi layi guda da sunan shago, da zumuncin shekara shida bai yi rauni ba.

Matsalar ba ta ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. A Disamba 2021 hukumomin sa ido kan harkar kuɗi na Amurka sun ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa suna maganar aiki ta WhatsApp da wayoyinsu, inda bankin ba shi da kwafin abin da aka faɗa. A Satumba 2022 wasu manyan bankunan suka biya jimillar kusan dala biliyan 1.8 a kan laifi iri ɗaya. Idan wannan ya faru a inda ake da lauyoyi da sashen tsaro, to ina ga makaranta ko asibitin unguwa, inda idan aka fizge wayar ma'aikaciya a kasuwa, sunayen majinyata da makin ɗalibai sun tafi hannun da ba a sani ba? Maƙwabtanmu na Njamena kuma sun ɗanɗani wani gefen na dogara da manhaja guda: daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook a Chadi, kuma masu aiki da su sai da suka riƙa sayen ƙarin data suna bi ta VPN, wato manhajar da ke zagaye toshewar.

Sai lokacin hutu. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu a 1992, ta ƙayyade sa'o'i 40 a mako ga aikin da ba na noma ba. An rubuta ta ne lokacin da barin ofis yake nufin barin aiki. Yau saƙo zai shigo ƙarfe goma na dare, alamun nan biyu su yi shuɗi, maigida ya san ka gani, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda babba ya yi maka magana ka share shi ba. Faransa ta sa wannan batu a dokarta tun 1 ga Janairu 2017, ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan lokacin da mutum zai iya kashe waya ba tare da an ga laifinsa ba. Ga matar aure abin ya fi nauyi, domin kiran shugaba namiji da tsakar dare yana iya jawo mata maganar da ba ta ji ba ta gani ba.

Ba na cewa a koma zamanin ɗan aike. Wayar nan ta ceci rayuka, na ga likita ya duba hoton gwaji daga gida ya hana a ba mara lafiya maganin da zai cutar da shi. Abin da nake nema shi ne a daina ɗaukar wayar ma'aikaci kamar kyauta ce da ta zo tare da shi. A faɗa tun ranar ɗaukar aiki, a rubuta in da hali: wa zai biya data, lambar wa abokan ciniki za su riƙe, ƙarfe nawa ake daina kira in ba larura ba, me za a goge ranar rabuwa. Layin ofis da ƙaramar waya ta aiki ba su kai tsadar buhun shinkafa biyu ba.

Doka ma ta fara matsowa. Bayan dokar tsaron intanet ta Disamba 2010, Kamaru ta samu dokar kare bayanan sirri ta mutane a ranar 23 ga Disamba 2024, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan jama'a alhakin tsare su, ta kuma ba da wa'adin wata 18 a gyara. Asibiti ne ke tara bayanan majinyata, don haka amanar a wuyansa take, ko da hoton yana cikin wayar ma'aikaciyar jinya. Na yi wa ƙanwata wannan bayani, ta kai maganar taron ma'aikata da ladabi. Shugabansu ya saurara, ya ce za a duba. A watan jiya aka ajiye waya guda a ɗakin masu aikin dare, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu idan an canza aiki. Tsoffin hotunan gwaji da ke wayarta kuwa, ni da ita muka zauna a tabarma muka goge su ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari uku.