Gasar kamfanonin fasaha kan injin binciken da wayoyin hannu ke zuwa da shi

Injin bincike na asali shi ne wanda waya ke tura tambayar mutum gare shi kai tsaye idan ya rubuta wani abu a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, kamar Chrome ko Safari) ko a sandar binciken da ke fuskar wayar, ba tare da shi mai wayar ya zaɓa ba. Wannan gurbi na daga cikin abubuwan da suka fi tsada a harkar intanet. Kamfanonin Google da Microsoft da Apple da Samsung da Yandex, da kuma ƙananan injuna irin su DuckDuckGo da Ecosia, sun shafe fiye da shekara 15 suna takaddama a kansa, kuma takaddamar ta kai gaban kotuna da hukumomin kula da gasar kasuwanci a Amurka da Tarayyar Turai da Rasha da Indiya.

## Dalilin tsadar gurbin

Injin bincike da talla yake samun kuɗi. Duk wanda ya nemi farashin tikitin jirgi ko inshorar mota, akwai 'yan kasuwar da ke biya don a nuna masa tallarsu a saman sakamako. Wanda tambayoyi suka fi zuwa wurinsa shi ya fi cin wannan kasuwa. Bayan kuɗin talla akwai riba ta biyu: kowace tambaya, da abin da mai tambayar ya latsa bayan ta, darasi ce ga injin. Da ita yake gane kuskuren rubutu, da sababbin sunaye, da abin da mutanen wani gari ke nufi idan suka rubuta wata kalma. Injin da tambayoyi suka yi masa ƙaranci sakamakonsa na raguwa, musamman a tambayoyin da ba a cika yi ba da waɗanda suka shafi wurin da mutum yake, kuma irin waɗannan ne suka fi yawa a waya.

Mafi yawan mutane ba sa taɓa saitin da waya ta zo da shi. Wasu ba su san ana iya sauyawa ba, wasu kuma ba su bambance burauza da injin bincike. A waya lamarin ya fi tsanani saboda ƙanƙantar allo da ɓuyar saituna. Gurbin asali tamkar rumfar bakin kasuwa ce: sauran rumfuna na nan a ciki, amma mai sauri a nan zai tsaya. Hukumar Tarayyar Turai ta kawo hujja a kan haka da alƙaluman 2016. A wayoyin Android, inda Google ke zuwa a ɗore, fiye da kashi 95 cikin 100 na bincike ta Google ake yi. A wayoyin Windows, inda Bing, injin binciken Microsoft, ke zuwa a ɗore, kason Google bai kai kashi 25 ba.

## Yarjejeniyar Google da Apple

Alaƙar kamfanonin biyu kan bincike ta faro ne a 2002, lokacin da Apple ke shirya burauzarsa ta Safari, tun kafin a ƙera iPhone. Da farko babu kuɗi a ciki. A 2005 aka ƙara sharaɗin raba kuɗin talla, sannan da iPhone ta fito a 2007 yarjejeniyar ta haɗa da ita.

An daɗe ana ɓoye adadin kuɗin. A 2016, a shari'ar Oracle da Google, ya fito fili cewa Google ya biya Apple dala biliyan 1 a shekarar 2014. Ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar a kan Google ce ta bankaɗo sauran: dala biliyan 20 a 2022, kuma a lokacin Apple na karɓar kashi 36 cikin 100 na kuɗin tallar da aka samu daga binciken da aka yi ta Safari. Wani masanin tattalin arziki da Google da kansa ya kira shaida, Kevin Murphy, shi ya faɗi wannan kaso a bainar jama'a a Nuwamban 2023, daga baya shugaban Google Sundar Pichai ya tabbatar. Jimillar abin da Google ya biya masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa da masu burauza a 2021 kuwa ta kai dala biliyan 26.3.

Abin lura shi ne ba kuɗi ne dunƙule ake miƙawa ba, kaso ne. Duk yadda binciken Google ya ƙaru a Safari, haka rabon Apple ke ƙaruwa, don haka Apple ba shi da wata riba a karkatar da mutane zuwa wani wuri. Haka kuma kuɗin na sanyaya masa gwiwar gina nasa injin, duk da yana da manhajar da ke zagaya shafukan intanet tana tattara bayanai, Applebot, kuma a 2018 ya ɗauko tsohon shugaban sashen bincike na Google, John Giannandrea. A wajen masu sukar yarjejeniyar, wannan shi ne babban lahaninta, fiye ma da toshe Bing: kamfani ɗaya tilo da ke da kuɗi da wayoyin da zai iya tsayawa gaban Google, ana biyan sa kowace shekara kuɗin da zai rasa in ya tsaya.

Google da kansa ya lissafa abin da zai faru in ya rasa Safari. Wani kiyasin cikin gida na 2020 da aka gabatar a kotu ya nuna zai iya asarar kashi 60 zuwa 80 na binciken da ake yi a na'urorin Apple.

## Yadda abin yake a Android

Android ta Google ce, kuma tushenta kyauta ne ga duk mai ƙera waya. Amma kantin manhajoji na Play Store da YouTube da Gmail da taswirar Google ba sa cikin kyautar, sai da lasisi. Yarjejeniyar lasisin, wadda ake taƙaita sunanta da MADA, ta tanadi cewa mai son Play Store sai ya ɗora tarin manhajojin Google gaba ɗaya, ciki har da Chrome da manhajar bincike, kuma ya sa sandar binciken Google a fuskar farko ta wayar. Tun da wayar Android marar Play Store ba ta sayuwa a wajen China, kusan babu mai ƙin sa hannu. Wannan ne dalilin da ya sa wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwannin Najeriya da Nijar, da na Samsung da Xiaomi, duk ke fitowa daga kwali da sandar Google a fuskarsu.

A saman wannan akwai yarjejeniya ta biyu, ta raba kuɗin talla, wadda Google ke ƙullawa da masu ƙera waya da kamfanonin sadarwa. A nan ne sharaɗin keɓancewa ya riƙa shigowa: kason da aka riƙa biya ya fi tsoka idan ba a ɗora injin abokin hamayya a wayar ba. A shari'ar kamfanin wasannin bidiyo na Epic Games da Google ta 2023 an bayyana cewa Google ya amince ya biya Samsung dala biliyan 8 cikin shekara huɗu don manhajojinsa na bincike da mataimakin murya da Play Store su zama na asali.

Huawei ya nuna abin da ke faruwa in aka fita daga wannan tsari. Da takunkumin Amurka na 2019 ya raba sababbin wayoyinsa da manhajojin Google, ya fito da nasa injin, Petal Search, amma cinikinsa a wajen China ya faɗi ƙwarai.

## Yunƙurin Microsoft

Microsoft ya ƙaddamar da Bing a 2009, kuma a shekarar ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin sadarwa na Verizon da ke Amurka don injinsa ya zama na asali a wayoyin kamfanin. Wasu wayoyin Android na Verizon, kamar Samsung Fascinate ta 2010, sun fito da Bing a maimakon Google, abin da masu saye da yawa suka yi ƙorafi a kai. A ɓangaren Apple, an saka Bing cikin zaɓin Safari a 2010, sannan daga 2013 Siri, mataimakiyar murya ta Apple, ta riƙa ɗauko sakamakon intanet daga Bing, har 2017 da Apple ya mayar da ita ga Google.

Gurbin Safari dai bai taɓa shiga hannun Microsoft ba. Shugabansa Satya Nadella ya shaida wa kotu a Oktoban 2023 cewa a shirye suke su yi asarar biliyoyin daloli a shekara don su same shi, kuma a ganinsa Apple na amfani da Bing ne kawai wajen ɗaga farashi a cinikinsa da Google. Eddy Cue, babban jami'i a Apple, kuwa ya ce babu farashin da Microsoft zai bayar su sauya, domin Google ya fi inganci. Duka maganganun biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda. A Afrilun 2023 an ruwaito cewa Samsung na duba yiwuwar komawa Bing, wata guda bayan haka aka ruwaito ya jingine batun.

Mozilla, mai burauzar Firefox, ta taɓa gwada sauyi na gaske: a ƙarshen 2014 ta mayar da Yahoo injin asali na Firefox a Amurka, a 2017 ta koma Google. Google na yawan kawo wannan misali a matsayin shaidar cewa gurbin asali ba ya riƙe mutane idan injin bai gamsar da su ba.

## Hukumomi da kotuna

Rasha ce ta fara. Yandex, injin bincike na ƙasar, ya kai ƙara a 2015, hukumar hana babakere ta ƙasar ta samu Google da laifi, a Afrilun 2017 aka yi sulhu wanda ya tilasta nuna wa masu Android allon zaɓin injin bincike. Nan ne allon zaɓi ya fi yin tasiri, har Yandex ya wuce Google a wayoyin Android na ƙasar. Dalilin a fili yake: Yandex sanannen suna ne da Rashawa suka riga suka yarda da ingancinsa a harshensu.

A 18 ga Yulin 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Google yuro biliyan 4.34 kan Android, bisa ɗaure Play Store da Chrome da manhajar bincike, da biyan kuɗi don keɓancewa, da hana masu ƙera waya sayar da wasu nau'o'in Android da Google bai amince da su ba. A 2022 kotun Tarayyar ta rage tarar zuwa yuro biliyan 4.125, bayan ta soke ɓangaren da ya shafi biyan kuɗin. Allon zaɓin da Google ya fito da shi a Maris 2020 ya zo da matsalarsa: gurabe uku ne kacal a gefen Google, kuma gwanjonsu ake yi a kowace ƙasa daban, wanda ya ci ya biya Google kuɗi a kan kowane mutumin da ya zaɓe shi. Wannan ya fifita injunan da suka fi cusa talla a kan irin su DuckDuckGo da Ecosia. A Satumban 2021 aka soke gwanjon, shiga ta zama kyauta, jerin ya kai har injuna 12. Duk da haka kason Google a Turai bai motsa sosai ba. Allon sau ɗaya yake fitowa, lokacin da mutum ke ɗokin kunna sabuwar waya, kuma sunan da ya sani shi yake latsawa. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar, wadda ta fara ɗaure manyan kamfanoni a Maris 2024, ta mayar da allon zaɓi wajibi. Indiya ma ta ci tarar Google kusan dala miliyan 160 a Oktoban 2022 kan irin waɗannan sharuɗɗa.

Babbar shari'ar ita ce ta Amurka. Ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara a Oktoban 2020 ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890, dokar da aka yi amfani da ita a kan Microsoft a ƙarshen shekarun 1990 game da burauzar Internet Explorer. An fara sauraro a Satumban 2023, kuma a 5 ga Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya a Washington ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. Ya amince Google ne injin da ya fi inganci, amma ya ce yarjejeniyoyin sun kulle kusan rabin binciken da ake yi a Amurka, kuma kason kamfanin ya kai kusan kashi 90 a jimlace, kusan kashi 95 a wayoyi.

Hukuncin gyara da ya biyo baya a 2 ga Satumban 2025 bai kai abin da gwamnati ta nema ba. Alƙalin ya ƙi tilasta sayar da Chrome, ya haramta yarjejeniyoyin keɓancewa, ya umarci Google ya raba wasu bayanan bincike da abokan hamayya, amma ya bar shi ya ci gaba da biyan kuɗin gurbi. Hujjarsa ita ce hana biyan zai fi cutar da masu karɓa, musamman Mozilla da mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake, alhali Google zai riƙe kuɗinsa kuma mutane su ci gaba da zaɓensa. Ya kuma yi la'akari da bunƙasar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. A Mayun 2025 Eddy Cue ya shaida cewa binciken Safari ya ragu a watan Afrilu, karo na farko cikin shekara 22, kuma a zaman kotun ne aka ji cewa Google ya fara biyan Samsung don ɗora Gemini, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Google, a wayoyin Samsung.

## Sauya injin a waya

A iPhone ana shiga saituna, a nemi Safari, a latsa layin injin bincike. Daga iOS 18 (iOS ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone) Safari na ƙarƙashin jerin manhajoji ne a ƙasan saitunan. Zaɓin da aka saba gani biyar ne: Google da Yahoo da Bing da DuckDuckGo, wanda aka ƙara a 2014, da Ecosia, wanda aka ƙara a ƙarshen 2020. Daga iOS 17 ana iya ware wani injin daban don binciken sirri.

A Android ana buɗe Chrome, a latsa ɗigo ukun da ke saman dama, a shiga saituna, a zaɓi injin bincike. Inda mutane ke rikicewa shi ne wannan sauyi Chrome kaɗai ya shafa. Sandar da ke fuskar waya ta manhajar Google ce, tana nan a kan Google, sai an danne ta an cire, sannan a ɗora ta wani injin bayan an sauke manhajarsa. A wasu wayoyin ma, irin su Pixel na Google, ba ta ciruwa sai an sauya manhajar fuskar wayar ɗungurungum. Kowace burauza kuma da nata saitin, don haka mai amfani da Opera Mini ko burauzar Samsung sai ya sauya a can daban. Idan aka goge bayanan burauza gaba ɗaya ko aka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, saitin na komawa kan injin da ta zo da shi.