Ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba

Har yanzu a Jos in aka haifi jaririya al'aurarta kamar ta namiji sai a ce aljanu ne ko uwar ta taka wani abu, wallahi ba haka ba ne. Galibi wata cuta ce da ake kira CAH, 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda ke kasa haɗa sinadarin kotisol, sai sinadarin maza ya yi yawa. Gado ne daga uba da uwa duka kamar sikila, in duka biyun na ɗauke da shi haɗarin kowane ciki 1 cikin 4 ne, auren zumunci na ƙara haɗarin. Na jariri namiji ya fi ban tsoro don ba a ganin komai, sai wajen sati 2 ya fara amai ya ƙi nono gishirin jikinsa na zuba. A garzaya asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), akwai magani, kullum ake sha.