Waiwaye: Yadda Maigida Ya Wayi Gari Shi Kaɗai a Bakin Zaure

Tun daga watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Jihar Zamfara ta shawarci jama'arta su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya kuma suka amsa cewa ba da irin wannan izini ba hurumin jiha ba ne, muhawara a kan ko ya dace magidanci ya ajiye makami a ɗakinsa ba ta lafa ba. Duk ranar da aka tashi da labarin an shiga wani gari cikin dare an tasa ƙeyar mata da yara zuwa daji, sai ta sake kunno kai a gidajen rediyo da majalisun bakin titi da shafukan Facebook. Masu goyon baya suna cewa wanda ya zo maka da AK-47 ba a tare shi da gora, masu adawa kuma suna cewa bindigar da aka saya don ɓarawo wata rana a rikicin gona ko na gado za a ɗauko ta. Dukansu biyu, ba tare da sun lura ba, mutum ɗaya suke kallo: magidanci tsaye a bakin zaurensa, iyalinsa a bayansa, maharin a gabansa, babu na uku. Kakanninmu ba su san wannan tsayuwa ta kaɗaici ba, kuma ana iya nuna shekarun da ta samo asali.

Shi kansa haƙƙin kare gida ba a taɓa jayayya a kansa ba. Hadisi ingantacce ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, malaman fiƙihu kuma sun sharɗanta cewa a tunkuɗe mai farmaki da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, a fara da gargaɗi idan akwai halin yin haka. Kundin laifuffuka na Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya keɓe sassa na 59 zuwa 67 ga wannan batu, har ya yarda cewa kare dukiya yana iya kaiwa ga kisa idan fashi ne, ko fasa gida da dare, ko cinna wa mazaunin mutane wuta. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ma ya amince da hakan. Sai dai kundin na 1959 ya gindaya sharaɗi guda da ba a cika karanta shi ba: babu haƙƙin kare kai a inda mutum yake da sukunin neman agajin hukuma. Waɗanda suka rubuta wannan jimla sun rubuta ta ne a zamanin da hukuma take kwana a unguwa ɗaya da maigida.

Abin da ya gabaci haka sananne ne. Biranen Hausa sun kewaye kansu da ganuwa, ta Kano ma tarihi yana danganta fara gina ta ga zamanin Sarki Gijimasu, ana rufe ƙofofi da dare, kowace ƙofa da sarkinta. Gidan Bahaushe shi ma ƙaramar ganuwa ce: katanga ko danga, mashiga guda ta zaure inda samari suke kwana, turakar maigida a kan hanyar cikin gida, kwari da baka ko takobi a rataye kusa da shimfiɗa. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hare-haren kamun bayi suka ƙare, mutane suka fita daga bayan ganuwa suka bazu cikin tungaye da ƙauyuka kusa da gonakinsu. Makamin zamani ya zama na gwamnati, aka bar wa mafarauta bindigar toka. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin su bindigar harbin tsuntsu sai da lasisin babban sufeton 'yan sanda, ta toka kuma a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Tambayar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce: mutanen da suka bar ganuwa, aka kuma taƙaita musu makami, me ya tsare su fiye da rabin ƙarni? Amsar tana cikin wani tsari da matasan yau suka san sunansa kawai, wato En'e, hukumar gargajiya da sarakuna suke jagoranta tun zamanin Turawa. A ƙarƙashinta kowace masarauta tana da 'yan dokarta, waɗanda aka tsara daga cikin dogarai tun shekarun 1920, da gidan yarinta, da kotunan alƙalanta. Shugaban 'yan doka shi ne Wakilin Doka, muƙamin da marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe a Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Ɗan doka yawanci kulki ne a hannunsa, kuma yawansu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da faɗin ƙasar da suke kula da ita. Ƙarfinsu yana wajen labarin da ake kawo musu kafin a yi ɓarna.

Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya gabatar da shi ga mai unguwa, ya faɗi daga ina yake da abin da ya kawo shi. Idan baƙon ya aikata wani abu, mai masaukin za a fara tambaya. Mai unguwa yana kai rahoto ga dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi ga fada. Saniya ba ta shiga kara ta fita sai ta hannun dillalin da ya san mai ita, la'adarsa kuma ladan wannan shaida ce, sannan ba a sa mata wuƙa sai sarkin pawa ya gan ta. Kowace shekara ana ƙirga magidanta saboda haraji, ana ƙirga shanu saboda jangali, ardo yana tsaye a kan rugagen da ke ƙarƙashinsa, saboda haka garken da ya kumbura dare ɗaya sai an nemi bayaninsa. Idan aka yi sata aka bi sawu, garin da sawun ya ɓace a cikinsa shi ke da nauyin fito da ɓarawo ko nuna inda sawun ya fita, dagacin da garinsa ya zama maɓoyar ɓarayi kuwa rawaninsa ne a kan siraɗi. A irin wannan yanayi, idan maigida ya ji motsi a bayan danga ya kurma ihu, maƙwabta suna fitowa ne da sanin cewa gobe za a tambayi wanda bai fito ba. Ɓarawo kuma ya san ko ya tsira da kayan, inda zai sayar da su shi ne aiki.

Ba a nufin cewa zamanin aljanna ne, kuma duk wanda ya zauna da tsofaffin da suka yi siyasar shekarun 1950 ya ji ɗaya gefen labarin. Idon da ke ganin ɓarawo shi ne ke ganin ɗan adawa. Ƙorafin cewa ana amfani da 'yan doka da kotuna da gidajen yari wajen takura wa masu saɓanin ra'ayi ya yi yawa, a Arewa da Yamma baki ɗaya, haraji da jangali kuma sun sa talakawa da yawa gudun dare. Saboda haka da sojoji suka karɓi mulki a 1966 aka kafa kwamitin duba makomar 'yan sandan gargajiya da gidajen yari, shawararsa ta haɗe su da na tarayya ta samu karɓuwa a wurin mutane masu kyakkyawar niyya. A 1968, shekarar da sababbin jihohi shida na Arewa suka fara aiki sosai, gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin jihohi. Daga wannan shekara zuwa farkon shekarun 1970 aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya: waɗanda suka cika sharuɗɗa aka sake musu horo da kaki, sauran aka sallame su. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala aikin, inda ya raba sarakuna da hakimai da ikon zartarwa, daga baya kuma haraji da jangali suka bi sahu, ƙidayar shekara-shekara ta tafi tare da su.

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da hankalin ƙasa yake kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sannan kan kuɗin man fetur da suka biyo baya, shi ya sa ko a littattafan makaranta layi ɗaya ko biyu ake ba shi. An tuɓe wa tsohon tsari kulkinsa, abin da da yawa suka yi maraba da shi, amma aikinsa na biyu, na sanin wa ya kwana a gari da saniyar wa aka yanka, bai samu magaji ba. Sabon ɗan sanda ma'aikacin ƙasa ne da ake iya turo shi daga ko'ina a kuma ɗauke shi bayan 'yan shekaru, sau da yawa bai san hanyoyin daji ba, wani lokaci ko harshen wurin ba ya ji, kuma wannan ba laifinsa ba ne, haka aikin ya gada. Caji ofis yana hedikwatar ƙaramar hukuma, tafiyar sa'o'i daga tungar da ke bakin daji, musamman da damina. Mai unguwa yana nan da sunansa, amma wanda ya sauki baƙo bai gaya masa ba babu abin da zai same shi, shi ma idan ya ga abin zargi ya kai rahoto, babu wanda ya wajaba ya saurare shi, babu kuma mai kare shi idan labari ya koma kunnen waɗanda ya tona. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 suka tabbatar da runduna guda ga ƙasa duka, wadda a yau ba ta kai mutum dubu 400 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Tsagewar bangon ba ta bayyana nan take ba, domin dattawan da suka saba da tsohuwar ɗabi'a sun ci gaba da ita don kunya da al'ada har ƙarfinsu ya ƙare. Fashi da makami da ya biyo bayan yaƙi, wanda ya sa aka yi dokar hukuncin kisa ta 1970, an ɗauke shi matsalar birane da manyan hanyoyi. A shekarun 1980 da 1990 unguwanni suka fara haɗa kuɗi suna ɗaukar 'yan sintiri daga cikin mafarauta da 'yan tauri, aka kuma laƙaba musu sunan 'yan banga, kalmar da asalinta matasan da ke rakiyar 'yan siyasa ne a jamhuriya ta farko. Wannan shi ne karon farko da tsaron gida ya zama abin da ake saye da karo-karo, wanda ya fi kuɗi ya ƙara tsawon katanga ya ɗauki maigadi.

Sauran labarin kowa ya shaida shi. Satar shanu ta ƙaru a dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, burtali da makiyaya suka ƙuntata, makamai suka yawaita a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Manoma suka kafa 'yan sa-kai, makiyayan da aka kwashe wa garke ko aka kashe musu 'yan uwa ba tare da shari'a ba wasunsu suka shiga daji, kowane ɓangare yana cewa kare kansa yake yi, babu wani wanda duka biyun suka yarda ya raba su. Harin 'Yar Galadima ta Jihar Zamfara na watan Afrilun 2014, wanda ya faɗa kan taron 'yan sintiri ya ci rayuka fiye da 100, ya nuna tun da wuri cewa tara masu bindigar toka wuri ɗaya ba ya hana mahara zuwa. Daga nan aka koma garkuwa da mutane, aka kai ga ɗaliban Ƙanƙara a 2020 da na Jangebe a 2021, har dubban iyalai suka tsallaka zuwa jihar Maradi. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutanen karkara yanzu ita ce infoma, wato ɗan garin da ke nuna gidan da aka sayar da hatsi ko aka karɓi kuɗin aure. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa. Sanin sirrin unguwa da a da yake hawa zuwa ga dagaci, yanzu ta wayar salula yake fita zuwa daji.

Matakan baya-bayan nan sun nuna an fara jin wannan giɓi. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma kusan 1,500 a watan Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa fiye da 2,600 a watan Janairun 2024, Sakkwato ma ta kafa nata, kuma hujjar da ake bayarwa a ko'ina ita ce 'yan ƙasa ne, sun san daji, sun san mutane. Hujjar 'yan doka ce ta dawo da sabon kaki, tare da tsohon tsoron da ya sa aka rushe su, domin masu ɗari-ɗari da shawarar kafa 'yan sandan jihohi maganar shekarun 1950 suke maimaitawa, ko sun sani ko ba su sani ba. Sauya sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Kundin na 1999 kuwa bai tanadi wani aiki ga sarakuna ba, balle hakimi da dagaci da mai unguwar da ake kai wa baƙo.