Tambayoyin da ake yawan yi min kan yawon ƙafa a Cape Point

Shekara da shekaru ina raka baƙi zuwa ƙarshen zirin ƙasar nan da ya kutsa cikin teku a kudancin Cape Town, kuma kowane baƙo da tambayoyin wanda ya gabace shi yake zuwa. Ga amsoshin a rubuce. Don Allah a karanta kafin a buga min waya.

Nan ne ƙarshen Afirka daga kudu?

A'a. Cape Agulhas ne, wajen kilomita 150 gabas da nan.

To ba a nan tekun Atlantika da na Indiya suke haɗuwa ba?

Shi ma a Agulhas aka ja iyakar. Babu wani layi a kan ruwa da za ka ɗauka a hoto, kada ka wahalar da idonka.

Zan iya miƙa wa gwaggon biri ayaba?

Kul! Doka ta hana, akwai tara, amma ba tarar ce ta dame ni ba. Birin da ya saba karɓar abinci a hannun mutum yakan koma ƙwace, daga ƙwace sai cizo, ƙarshenta a harbe shi. Wanda ya ba shi ayabar yana gida yana nuna hotuna, dabbar kuwa ta mutu. Birran nan suna da abincinsu. Idan ruwa ya janye sukan sauka kan duwatsun gaɓa su ɓamɓaro ƙumba su ci, abin da ba kasafai ake ganin biri yana yi ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wata uwa da ɗanta maƙale a cikinta, tana juya duwatsu ɗaya bayan ɗaya, tana fasa ɓawo da haƙori. Ka rufe gilashin mota, ka sa abinci cikin jaka, ka ba su hanya.

Me ya sa fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya biyu ne?

Ta farkon, wadda ta fara aiki a 1860, an ɗora ta can ƙololuwa, sama da mita 200 daga ruwa, sai hazo ya riƙa lulluɓe ta. A watan Afrilun 1911 jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutsen Bellows ya nutse. Shi ya sa aka gina sabuwa ƙasa-ƙasa, mita 87 daga ruwa, aka kunna ta a 1919. Tsohuwar ita ce kowa yake hawa.

Ciyayi ne kawai, babu ko itacen kirki. Me za a kalla?

Wannan maganar tana ɓata min rai. Abin da kake kira ciyayi sunansa fynbos, kuma a wannan kusurwa kaɗai akwai irin tsiro fiye da 1,000. Yankin Cape gaba ɗaya yana da kusan 9,000, mafi yawansu ba sa fitowa ko'ina a duniya sai nan, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2004. Ƙasar rairayi ce marar taki, iska ba ta barin komai ya yi tsawo. Wasu irin ma ba sa tsirowa sai wuta ta bi ta kansu, hayaƙi ne yake tashe su. Idan ka tarar da fili ya ƙone ƙurmus kada hankalinka ya tashi. Ka durƙusa ka duba kusa da takalminka, a taku ɗaya za ka ƙirga ganye iri biyar ko shida. Kuma kada ka tsinki ko fure ɗaya.

Yaushe ya kamata in zo, kuma zan iya tahowa da Baba da yara?

Nan ne ba ni da amsa guda. Yanayin nan a juye yake: zafi daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi da ruwan sama daga Yuni zuwa Agusta. Kowa sai ya ce to a zo da zafi. Ai kuwa lokacin ne iskar kudu maso gabas take kaɗawa, wadda mutanen gari suke kira Cape Doctor, kuma a bakin dutse takan iya ture babban mutum. Na ga ta cire hula daga kan wani dattijo ta wurga teku, babbar rigarsa ta cika da iska har sai da muka riƙe shi mu biyu. Da sanyi kuma wata rana gari ya yi tas, teku ta kwanta, babu cunkoso, washegari ruwa ya hana ka ganin tafin hannunka. Ni dai na fi son Maris da Afrilu, ko Satumba da Oktoba lokacin furanni, amma ban ɗaukar wa kowa alkawari ba, don rana ɗaya takan canja fuska sau uku.

Batun Baba kuwa, ya danganta da gwiwarsa. Hanyar da ta tashi daga wurin ajiye motoci zuwa Cape of Good Hope, wani kan dutse da ke kusa da Cape Point, ba ta da nisa, mai matsakaicin ƙarfi zai yi ta cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, wani ɓangaren ma katako aka shimfiɗa. Sai dai ƙarshenta gangara ce mai duwatsu, kuma akwai wuraren da babu shinge tsakaninka da rami. Idan yana hawa bene biyu ba tare da ya tsaya ba, mai yiwuwa zai iya, a ranar da babu iska. Idan ba haka ba, a sa shi a ɗan jirgin da ke hawa tudu zuwa tsohuwar fitila, sannan a zagaya da shi a mota zuwa ƙasa. Babu abin kunya a ciki. Yara kuma, wanda ya kai ya ji magana ya zo, a riƙe hannunsa. Ku duba hasashen iska da safiyar ranar, ku fito da wuri, kowa da rigar sanyi ko da rana tana ƙuna.

Za a iya wanka a rairayin Dias?

A'a. Ruwan sanyi ne ƙarara, igiyar tana ja ciki. Sauka ka taka rairayin, ka tuna matakalar da ka sauko ita za ka hau.

Turawa ne suka gano wurin?

Gano wa? Bartolomeu Dias ya kewaye shi a 1488, Vasco da Gama ya bi a 1497, Jan van Riebeeck ya kafa zangon kamfanin Holand a inda Cape Town take yau a 1652. Kafin su duka da dubban shekaru mutanen San suna farauta a nan, Khoikhoi suna kiwon shanu da tumaki. Tarin ɓawon ƙumba da suka ci suka zubar yana nan a gaɓa da bakin koguna. A 1510 Khoikhoi suka kashe Francisco de Almeida, wanda ya yi mulkin yankunan Fotugal a Indiya, bayan mutanensa sun taɓa musu shanu da 'ya'ya. Allon sunan wurin da ake layi don ɗaukar hoto a gabansa ba ya faɗar wannan.

Akwai inda zan yi salla?

Akwai, kwantar da hankalinka. A hanyar dawowa ka tsaya Simon's Town, akwai masallacin Noorul Islam. Musulmi sun daɗe a Cape, tun zamanin da Holand take kawo bayi da fursunonin siyasa daga tsibiran Indonesiya, cikinsu har da Shehu Yusuf na Makassar a 1694. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana Simon's Town garin farar fata zalla, aka kwashe iyalai aka kai yawancinsu Ocean View. Masallacin bai tashi ba. Idan ka idar, ka gaisa da dattawan da ka tarar, ka zauna kaɗan, wasunsu a layukan da ke kewaye da masallacin aka haife su.